Motar Da Ba A Sani Ba

Ranar da aka binne mahaifin Ramaano, rabin ƙauyenmu ya ga motar da ta buge Maanda. Farar a-kori-kura ce ta marigayin, an loda mata kujerun haya da ƙarafan rumfa, kuma Ramaano ne a kan sitiyari. Ba shi da lasin, sannan tun kafin a fito da gawa yake zagayawa bayan ɗaki yana kurɓar burkutu, wai don ya iya tsayuwa a bakin kabari. Jama'a na dawowa daga maƙabarta a gefen kwalta, rana ta take, sai motar ta sauka daga titi ta kwashi Maanda ta baya ta watsa shi cikin kwalbati.

Maanda birkila ne. Shi da Ramaano 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma Maanda ne babba a shekaru. Ƙugunsa ya karye, cinyar dama ta karye gida biyu.

Kafin motar asibiti ta iso, Gwaggo Mudzunga ta riga ta yanke hukunci. Ita ce ƙanwar iyayensu maza, kuma a gidajenmu in gwaggo ta yi magana an gama. Ta sa aka tura motar bayan gonar ayaba, sannan ta sauka cikin kwalbatin da baƙin zanenta ta sunkuya a kan Maanda.

"Ɗana, kana jina?"

"Ina ji, Gwaggo."

"Ƙaninka yau ya binne ubansa. Ba zai kwana a hannun 'yan sanda ba. Wata mota ce ta zo ta wuce, ba wanda ya ga lambarta. Sauran magana ta gida ce, a gida za a yi ta."

Maanda ya ce to. Ba na ganin laifinsa a wannan. Mutumin da ke kwance cikin jininsa zai ce to ga duk abin da aka faɗa masa. Amma da ɗan sanda ya same shi a gadon asibiti daga baya, zazzaɓi ya sauka, ya ci abinci, ya san inda yake. Ya ɗaga hannu ya rantse cewa bai ga motar ba, bai san direban ba, ya sa hannu a ƙasan takardar. Wannan kam da hankalinsa ya yi.

Da aka gama zaman makoki, dangi suka zauna. Ramaano ya ba da karsana, ya yi alkawarin buhun garin masara duk wata da kuɗin makarantar Dakalo, 'yar Maanda. Aka kawo ƙwarya guda suka sha tare a gaban manya, Gwaggo ta ce magana ta mutu.

Shekarar farko Ramaano ya cika alkawari. Daga nan ya yi lasin, ya samu aikin tuƙa babbar mota a wata gonar fiya ta wajen Levubu, ya yi aure. Buhu ya koma rabi. Rabi ya koma kwalin fiya, irin wadda aka tsince aka ƙi ɗauka zuwa kasuwar ƙetare. Karsanar kuwa tun tuni aka sayar da ita, kuɗin ya ƙare a motar zuwa asibiti.

Maanda ya fito da ƙarfe a ƙugu da sanda a hammata. Tsani ya fi ƙarfinsa, don haka gini ya ƙare. Matarsa Phophi tana da tebur a gindin bishiya a bakin hanyar garin Thohoyandou, tana sayar da ayaba da mangwaro da gyaɗa. Nan yake wuni yana ƙulla mata gyaɗa a leda. Da safe motar ɗan kwangila takan wuce da mutanen da shi ya koya wa riƙon cokalin gini, su ɗago masa hannu. Sai ya sunkuya kamar wani abu ya faɗi masa a ƙasa.

Kowa a ƙauyen ya san akwai asusun gwamnati da ke biyan diyya ga wanda mota ta raunata, kuma kowa ya san shekara uku ake bayarwa, don lauyoyi kullum suna faɗa a rediyo tsakanin waƙa da sanarwar mutuwa. Maanda ya riƙe wannan shekara ukun kamar ajiya. Duk lokacin da Phophi ta tayar da maganar, amsarsa guda ce: akwai lokaci. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Ya san in ya kai takarda ofis, za a nemo waccan da ya rantse a kanta.

A sanyin shekara ta uku, wanda a wajenmu tsakiyar shekara yake zuwa, ƙafar ta fara kumbura. Likita ya ce ƙarfen ya saki, gaɓar tana cinyewa, sai an sake aiki. Layin masu jiran irin aikin a asibitin gwamnati yana da tsawo ƙwarai, amma in asusun ya karɓi ƙararsa zai iya ɗaukar nauyin jinyar. Maanda ya dawo gida bai faɗa wa kowa ba. Phophi ta ji ne a bakin wata nas da ke sayen ayaba a wurinta.

"Baban Dakalo, gobe ba zan buɗe tebur ba. Thohoyandou za mu, wajen lauya."

"Ai akwai..."

"In ka ƙara ce min akwai lokaci, zan ɗora ka a baro in tura ka har can, kowa ya sha kallo."

Watan Satumba ne. Ofishin lauyar yana saman wani shagon kujeru, sai da Phophi ta tallafe shi a matakala. Lauyar mace ce mai suna Vho-Rambau (Vho kalmar girmamawa ce a wajenmu), ta manyanta, ba ta da yawan murmushi. Ta karanta kwafin bayanin 'yan sanda da suka zo da shi, ta cire tabarau.

"Vho-Maanda, nan an rubuta ba a san motar ba, ba a san direba ba."

"Haka ne."

"To kun makara."

Phophi ta matso bakin kujera. "Shekara uku aka ce a rediyo. Sai Nuwamba za ta cika."

"Talla a rediyo da tsada, shi ya sa ake faɗin rabi. Shekara uku ta wanda ya san direban ce, ko mai motar. Wanda aka buge aka gudu, shekara biyu gare shi. Taku ta cika tun Nuwamban bara. Ba roƙon da zai dawo da ita."

Phophi ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta juya tana kallon mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Lauyar ta dube su duka biyu.

"Tsakar rana, ranar jana'iza, titi cike da mutane, amma ba wanda ya ga ko launin motar. Ƙauyen naku duk makafi ne?"

"Ana kuka ne," in ji Maanda.

"Ana kuka." Ta mayar da tabaraunta. "Ni ba zan sa maka magana a baki ba. Amma in ka tuna wanda ya tuƙa motar, ƙofa na buɗe har Nuwamba. Sai ka koma ofishin 'yan sanda ka yi sabuwar rantsuwa, ka ce ta farko ƙarya ce, ka faɗi dalili. Suna iya tuhumarka a kan haka, ba zan ɓoye maka ba. Sannan ina buƙatar rahoton likitan da ya yi maka aiki, shi ma ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. Kada ka zo min ana gobe ranar za ta cika."

"Shi direban," in ji Maanda a hankali, "in da an san shi. Gidansa za a sayar?"

"Wa ya gaya maka? Asusun ne ke biya, daga abin da ake cira duk lokacin da wani ya sha mai. Ko kazarsa ba za a taɓa ba. Abin da ke tsakaninsa da 'yan sanda, wannan daban."

Kusan shekara uku Maanda yana zaune a gindin bishiya yana ganin kansa mai rufa wa ɗan'uwa asiri, ashe ko tambayar da ta kamata bai taɓa yi wa wanda ya sani ba. Jahilci ba laifi ba ne. Amma mutum ya ƙi tambaya don yana tsoron amsa, wannan laifi ne, kuma shi ma ya sani.

A cikin bas, da suka kusa sauka, Phophi ta juyo gare shi.

"Ni na kwashe maka kashi a asibiti," ta ce, ba tare da ta rage murya ba. "Ba gwaggonka ba."

Washegari ya je gidan Gwaggo Mudzunga. Ya same ta a tsakar gida tana shanya ganyen kabewa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi kaji, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta saurara har ya gama, hannunta bai bar ganyen ba.

"A gaban wa aka ɗaure maganar nan?"

"A gaban dangi, Gwaggo."

"To a gabansu za a kwance ta. Baffanku yana Johannesburg, yayyenku suna wajen haƙar ma'adinai. Disamba kowa zai dawo, sai a zauna."

"Gwaggo, Nuwamba ƙofar ke rufewa."

"Ƙofar wa? Gwamnati mutuwa za ta yi kafin Disamba?"

"Ba sa jira."

"Mu shekara nawa muka jira su kafin su kawo mana famfo? Su ma su jira wata ɗaya. In an zauna, ni da kaina zan raka ka ofishin in yi musu bayani. Ai su ma suna da iyaye."

"Ba haka abin yake ba."

Sai ta ɗago kai. "Ka ci karsana ko ba ka ci ba?"

"Na ci."

"To."

Kada a ɗauka muguwa ce. Ita ta riƙe gidan nan da hannu biyu tun mutuwar yayyenta, kuma da zuciya ɗaya ta yarda cewa ofis kamar fadar mai gari ne, in tsohuwa ta je da kaza ta yi magana mai daɗi za a duba. Ba ta taɓa haɗuwa da abin da ba ya jin kunyar furfura ba. Amma rashin mugunta bai taɓa gyara ƙafar kowa ba.

Ranar Juma'a Maanda ya hau mota zuwa Levubu, ya tsaya a ƙofar gonar har aka tashi cin abincin rana. Ramaano ya fito cikin shuɗin kayan aiki, ya yi ƙiba, yana ɗauke da kwalin fiya.

"Yaya, ai da ka aiko. Da wannan ƙafar kake yawo?"

"Da ita kai ka bar ni."

Bai taɓa faɗa masa haka ba. Ramaano ya ajiye kwalin, ya waiga ko mai gadi na ji. Maanda ya yi masa bayanin shekara biyu da shekara uku, ya ce abin da yake so kawai su je tare, shi ya faɗi gaskiya, Ramaano ya ce haka ne.

"Ba za a taɓa kuɗinka ba, lauya ta faɗa."

"Ba maganar kuɗi ba ce, Yaya. In mutanen nan suka ji na taɓa buge mutum ba lasin, ranar za su karɓe mukulli. Matata ga ciki. Me zan ce mata?"

"Ni me nake ce wa tawa?"

Ramaano ya shafa ƙeya. "Gwaggo me ta ce?"

"Disamba."

"To, Disamba ɗin. Ai kamar gobe ne. Ni ba zan tsallake maganar Gwaggo ba, kai ma ka sani."

Ya ɗauki kwalin ya tare masa mota, ya sa masa a ƙarƙashin kujera, har ya biya kuɗin. Maanda bai ce a sauke ba. Ya kai fiyar gida, Phophi ta jera ta a tebur, aka sayar. Daga baya ya ce a duk abin da ya faru, karɓar kwalin nan ne ya fi ci masa rai.

Satumba ta ƙare. Oktoba ta shigo da ruwan farko, mangwaro ya fara nuna. Maanda bai koma wajen lauya ba, bai kuma je wajen 'yan sanda ba. Yana zaune yana ƙulla gyaɗa, ƙafar tana ƙara kumbura. Phophi ta daina maganar gaba ɗaya, har ya fara tunanin ta haƙura.

Wata safiyar Litinin ya ga ba ta ɗauki kwandon ayaba ba. Ta sa rigar coci, ta ɗaura kallabi, tana saka katin shaidarta a jaka.

"Ina za ki?"

"Wajen 'yan sanda. Ni ma ina gefen titin ranar, da idona na gani."

"Phophi, ba maganarki ba ce."

"Shi ya sa zan iya faɗa. Ni ban sha a ƙwaryarku ba. Ranar da kuka zauna ina bayan gida ina dafa muku nama, ba wanda ya tambaye ni. Matar da aka auro ce ni, in sun ga dama su mayar da ni gidan ubana. Dama can ma tebur zan kafa."

"Za a ce matata ce ta yi min magana."

"Ai gaskiya za a faɗa."

Ya san in ta je, ita dangi za su ci da rai, shi kuma a tausaya masa, a ce mace ta fi ƙarfinsa. Kuma ya san a ransa wannan hanyar ta yi masa daɗi, shi ya sa kunya ta kama shi.

"Ajiye jakar," ya ce. "Miƙo min takalmina."

A ofishin 'yan sanda ba ɗakin sirri. Kanta ce doguwa, da layin masu son a buga musu hatimi a kwafin takardu. A layin akwai mata biyu 'yan ƙauyenmu, duka biyun sun ci abinci a waccan jana'izar. Suka gaishe shi, suka ba shi wuri ya wuce gaba saboda sandarsa. Da ya isa kanta ya yi magana, ɗan sandan ya karkato kunne.

"Ɗaga murya, Baba, fankar nan ba ta bari a ji."

"Na zo ne a kan wata rantsuwa da na yi."

"Kwafi kake so?"

"A'a. Ƙarya ce."

"Mece ce ƙarya?"

"Rantsuwar. Na ce ban san wanda ya buge ni ba. Na san shi."

Hirar layi ta tsaya. Ɗan sandan ya kira saja, saja ya zo da takarda ya tsaya a nan bakin kanta yana rubutawa. Ya tambayi rana, ya tambayi wuri, ya tambayi wa ya ce masa ya yi ƙarya. Maanda ya ce ba kowa, shi ya ga dama. Wannan ita ma ƙarya ce, kuma ba zan wanke shi ba, amma sunan gwaggonsa ya ƙi fita daga bakinsa. Saja ya dube shi ta saman biro, bai matsa ba.

"Sunan direba?"

Maanda ya faɗa. Saja ya ce ya maimaita, ya maimaita. Sannan aka karanta masa bayanin daga farko har ƙarshe da murya sama, kamar yadda ake yi, ya sake ɗaga hannun da ya ɗaga a asibiti. Da ya juyo, matan nan biyu suna duba cikin jakunkunansu. Kafin ya isa gida labari ya riga shi.

Rahoton likita ya ɗauki makonni. Phophi ce ta yi ta zirga-zirga a kansa. Vho-Rambau ta shigar da ƙarar saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika, aka buga mata hatimin karɓa. Ta gaya musu kada su yi murna da wuri: asusun zai ga rantsuwa biyu masu karo da juna, zai yi tambayoyi, abin zai iya ɗaukar shekaru. Amma ƙarar ta shiga. 'Yan sanda sun kira Ramaano, bai yi musu ba. A gona aka karɓe mukullin, aka mayar da shi rumfar tsince fiya a kan rabin albashi.

Disamba ta zo, motoci suka cika ƙauye, dangi suka zauna a gindin mangwaron gidan marigayi mahaifin Ramaano. Ba a tattauna ko za a kwance maganar ba, tunda ta riga ta kwance. Abin da aka tattauna shi ne Maanda ya fitar da maganar gida waje ba da izini ba. Baffan Johannesburg, wanda bai taɓa aiko da ko sabulu ba tun da abin ya faru, shi ya fi kowa dogon jawabi. Aka ci Maanda tarar akuya, da ban haƙuri a gaban manya. Phophi ta riga ta san haka za a yi, ta sayi akuyar da cinikin mangwaronta, tana ɗaure a bakin ƙofa.

Ban haƙuri a wurinmu ba a tsaye ake yinsa ba. Namiji tsugunawa yake a gaban manya, ya sunkuyar da kai, ya tafa hannu a hankali. Maanda ya fito tsakiya, ya jingine sandarsa a jikin bishiya. Ya lanƙwasa ƙafar hagu. Ta dama ta ƙi. Ya sake gwadawa, yana dafe da gwiwa, gumi na zuba masa. A karo na gaba ƙugun ya saki gaba ɗaya, ya faɗi ta gefe, fuskarsa a ƙasa, wandonsa ya tattare har aka ga kumburin da tabon ɗinki. Yawancin waɗanda ke zaune ba su taɓa ganin ƙafar ba.

Ba wanda ya motsa. Daga inda yake kwance Maanda ya haɗa tafukansa ya fara tafawa, yana faɗin kalmomin da aka saba faɗa.

Ramaano ya tashi ya bi ta bayan ɗaki, bai dawo ba. Baffa ya ciro wayarsa yana dubawa. Gwaggo Mudzunga ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ku ɗaga shi. A ba shi kujera."

Aka ɗaga shi. Aka ce an karɓi haƙurinsa. Akuyar kuwa an yanka ta an ci, har matar Ramaano aka aika wa da nata kason.